Kiwon karnuka da kyanwoyi don sayarwa: ina zaluncin yake, kuma ya dace in bar magena ta haihu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ina da mage mace mai wata bakwai, irin masu dogon gashi da ɗan gajeren hancin nan. A hannun wani mai talla a intanet na saye ta, kuma tun da ta zo idanunta ke zubar da ruwa, tana kuma yin minshari idan ta kwanta. Yanzu mai sayarwar ya ce in kawo ta a haɗa ta da muzurunsa, idan ta haihu mu raba 'ya'yan mu sayar. Ƙanena ma yana son ya fara kiwon karnuka masu tsada don sayar da 'yan kwikwiyo. Ni kuma na ji ana cewa wannan sana'a akwai zalunci a cikinta, kuma tana ƙara yawan karnuka da kyanwoyin da ke gararamba babu mai su. Da gaske ne? In kuwa na ƙi, na kai ta aka cire mata mahaifa, ba ni ce na zalunce ta ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗi da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki kai magen, domin galibin masu kawo mana irin wannan magana sai ciki ya riga ya shiga suke zuwa. Idan na fahimce ki daidai, kina son ki san ko kiwon karnuka da kyanwoyi don kasuwa zalunci ne a kan kansa, ko yana da hannu a yawan dabbobin da ke yawo babu mai kula da su, sannan kina tsoron kada tiyatar hana haihuwa ta zama ita ma cutarwa ce. Shawarata ita ce kada ki kai ta barbara, kuma cire mata mahaifa alheri ne gare ta. Sai dai ba na son ki karɓi wannan don kawai likitan dabbobi ne ya faɗa, saboda haka bari in warware miki dalilan, ke ma ki auna su da kanki.

Inda zaluncin yake shigowa

Haihuwar dabba ba laifi ba ce, kuma akwai masu kiwo na ƙwarai waɗanda suka san kowace karya da suke da ita, suka san iyayenta da kakanninta, suke kuma bibiyar 'ya'yanta bayan sun bar hannunsu. Matsalar tana farawa ne daga lissafi. Mai kiwo don kasuwa kuɗinsa ta ƙofa ɗaya yake shigowa, wato yawan 'ya'yan da ya sayar, alhali duk wani abu da ke kare lafiyar dabbar kashe kuɗi ne: fili mai faɗi, abinci mai gina jiki, riga-kafi, gwajin cututtukan gado, hutun uwa tsakanin haihuwa da haihuwa, da riƙe 'ya'ya har su isa rabuwa da ita. Wanda ya sa riba a gaba, ko da bai tashi da niyyar mugunta ba, zai wayi gari yana zaftare waɗannan ɗaya bayan ɗaya, domin mai saye ba ya ganinsu. Abin da mai saye yake gani shi ne ɗan kwikwiyo da aka yi wa wanka aka ɗauki hotonsa.

Uwar ce ke ɗaukar nauyin wannan lissafi. Karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, kuma cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Mage ta fi ta saurin komawa, domin tana iya ɗaukar wani cikin 'yan makonni bayan haihuwa, wani lokaci tun tana shayarwa. A gidajen da aka mayar da kiwo masana'anta, ba a barin lokacin barbara ko ɗaya ya wuce. Jikin da bai gama farfaɗowa daga shayarwa ba sai a sake ɗora masa ciki. Uwar takan rame, gashinta ya zube, haƙoranta su ruɓe, nonuwanta su riƙa kumbura suna ciwo, kuma sinadarin da ke gina ƙashi yana iya yin ƙasa a jininta lokacin shayarwa har ta kama rawar jiki da farfaɗiya, abin da ke kashewa cikin sa'o'i idan ba a yi gaggawa ba. Idan shekaru suka ja, 'ya'yanta suka ragu, amfaninta ya ƙare a idon mai ita. Daga nan ko a yasar da ita a hanya, ko a kashe ta, ko a sayar wa wanda bai san abin da ta sha ba.

Kada ki ɗauka cewa inda akwai doka lamarin ya gyaru. A Amurka akwai dokar kula da dabbobi tun 1966, amma ƙa'idar girman kejin da ta amince wa manyan masu kiwo ita ce a auna tsawon karen a ƙara inci 6 a tsaye da kwance, da inci 6 a saman kansa. Karya tana iya yin rayuwarta a irin wannan wuri ba tare da mai ita ya karya doka ba. Ingila ta fi tsanantawa a ƙa'idojinta na 2018: mai lasisin kiwo ba zai haɗa karyar da ba ta kai wata 12 ba, ba za ta haihu fiye da sau ɗaya a cikin wata 12 ba, ba za ta wuce haihuwa 6 a rayuwarta ba, kuma idan an yi mata tiyatar ciro 'ya'ya sau biyu to an gama. Na kawo waɗannan ne don ki gane cewa kowane sharaɗi a cikinsu an rubuta shi ne domin akwai masu yin akasinsa.

'Ya'yan ma ba sa tsira. Ɗan kwikwiyo yana koyon zama da mutane da sauran dabbobi ne tsakanin mako na 3 da na 12 na rayuwarsa, ɗan kyanwa kuma lokacinsa ya fi gajarta, daga mako na 2 zuwa na 7. Wanda ya cinye waɗannan makonni a cikin keji, bai ji hannun mutum ba, bai saba da motsin gida ba, yakan tashi da tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai saurin cizo. Ga kuma cirewa daga nono da wuri, domin ƙaramin kwikwiyo ya fi shiga rai kuma ya fi saurin sayuwa. A aikina akwai abin da na gani har na saba gane shi tun daga bakin ƙofa: a shigo da kwikwiyo 'yan kwanaki bayan an saya, yana amai, yana zawo mai jini da wari, jikinsa ya bushe. Cutar fabo (parvo) ce, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka, wadda ke kwana da yawa a jiki kafin ta bayyana, shi ya sa ranar ciniki yake da kuzarinsa. In na buɗe bakinsa, haƙoran su nuna bai kai shekarun da aka faɗa ba. In na karɓi katin riga-kafi, sai in ga babu sa hannun likita, ko kwanan watan da ke jiki bai yi daidai da ranar haihuwar ba. Wasu mukan cece su da ƙarin ruwa da jinya ta kwanaki, wasu kuma a hannunmu suke mutuwa, kuma mai sayarwar a lokacin ya daina ɗaga waya.

Abin da ke ba duk wannan damar ɗorewa shi ne dillali, ko shagon sayar da dabbobi, ko shafin talla, wanda ke tsayawa tsakanin mai saye da uwar. Muddin ba ki ga uwar da wurin kwananta ba, ba ki san abin da kuɗinki ya saya ba. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka nufi dillancin kai tsaye. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana shaguna sayar da karnuka, kyanwoyi da zomayen masu kiwon kasuwa daga 2019. Ingila ta hana sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata 6 ba ta hannun mutum na uku daga Afrilun 2020, dokar da aka yi wa laƙabi da sunan wata karya, Lucy, da aka ceto daga wani gidan kiwo a Wales. Faransa ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi daga 2024, jihar New York ma ta bi sahu a ƙarshen wannan shekarar. Duk da haka cinikin bai mutu ba, intanet ya koma, inda mutum ɗaya zai iya buɗe shafuka da sunaye daban daban, yana nuna kansa a matsayin mai gida da magensa ta haihu bisa tsautsayi.

Ciwon da ake haifa da gangan

Wannan ɓangaren shi ya fi shafar magenki, kuma shi ne mutane suka fi wahalar yarda da shi, domin abin da suke kallo a matsayin kyau shi ne ainihin ciwon. Daga bayaninki, magenki tana cikin jinsin Farisa ko danginsa. Shekara da shekaru masu kiwo suna zaɓar waɗanda fuskarsu ta fi lotsawa suna haɗa su, har ƙashin fuska ya gajarce, amma naman da ke cikin hanci da ganɗa da maƙogwaro bai ragu daidai da shi ba. Sai ya cunkushe a ƙaramin wuri, ƙofofin hanci suka tsuke, iska take wucewa da ƙyar. Minsharin da kike ji ke nan. Ruwan idon kuma, akwai wata siririyar hanya da ke kwashe hawaye daga ido zuwa cikin hanci, a irin wannan fuska takan lanƙwashe, sai hawayen ya riƙa gangarowa a kunci, ya jiƙa fatar har ta yi ƙaiƙayi ko gyambo. Idanun da suka firfito ba sa rufuwa sosai, suna saurin bushewa da samun rauni. Haƙora ma sukan hau kan juna saboda muƙamuƙin bai ishe su ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga waje. Jinsin Farisa an san shi da wata cutar ƙoda ta gado, inda ƙananan ƙulle-ƙullen ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar suna girma a hankali, har ta gaza aiki idan magen ta manyanta. Binciken da aka yi kafin gwajin ya yaɗu ya samu cutar a fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan jinsi. Idan uwa ko uba ɗaya yana ɗauke da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta. Akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ke gano ta, ana kuma ganinta da na'urar hoton ciki. Ki tambayi mai muzurun ko ya taɓa yin wannan gwaji. Ki kuma tambaye shi mene ne dangantakar muzurun da magenki, domin tun da a hannunsa kika saye ta, ba abin mamaki ba ne a ce ubanta ne ko ɗan'uwanta. Haɗa jini ɗaya yana fito da cututtukan da suka ɓuya, yana rage ƙarfin garkuwar jiki, yana kuma ƙara mutuwar 'ya'ya tun suna jarirai.

A karnuka lamarin ya fi haka tsanani, kuma ya kamata ƙanenki ya sani. Bulldog na Ingila, Bulldog na Faransa da Pug duk suna fama da wannan toshewar numfashi. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka karen da hancinsa ya toshe zafi kaɗan ko ɗan gudu yana iya kayar da shi. Kan 'ya'yan yana da girma, ƙugun uwar kuma ƙarami ne, shi ya sa wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya samu cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog na Ingila da na Faransa ta tiyata ake yin ta. Jinsuna ne da suka kai matsayin galibi ba sa haihuwa da kansu. Tare da haka, a 2022 Bulldog na Faransa ya zama karen da aka fi yi wa rajista a babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, ya ture Labrador da ya yi shekara 31 a wannan matsayi. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin yana nuna cewa kasuwa tana tafiya ne zuwa ga siffar da ta fi wahalar da dabbar.

Mage mai lanƙwasassun kunnuwa, wadda ake kira Scottish Fold, kunnuwan nata sun lanƙwashe ne saboda guringuntsin jikinta yana da lahani, kuma lahanin bai tsaya a kunne ba, yana cikin gaɓoɓin ƙafafu da jela, inda yake haifar da amosanin gaɓɓai mai raɗaɗi. Akwai wani launin gashi mai dabbare-dabbare a karnuka da ake tsadarsa, wanda idan aka haɗa biyu masu ɗauke da shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan suna gadonsa ta ɓangare biyu, da yawansu su fito kurame ko makafi. Jinsin karen da ake kira Cavalier King Charles yana gadon ciwon zuciya da kuma ƙanƙantar ƙoƙon kai da ke matse ƙwaƙwalwa, har kotun ƙolin Norwe ta yanke hukunci a 2023 cewa kiwonsa ya saɓa wa dokar kula da dabbobi ta ƙasar. Holan kuwa tun 2019 ta fara aiki da ma'aunin tsawon hanci, tana hana kiwon karnukan da fuskarsu ta wuce kima wajen lotsawa.

Batun yawan dabbobin titi

A nan sai in rage wa abin da kika ji kaifi kaɗan. Galibin karnuka da kyanwoyin da ke yawo a duniya ba daga manyan gidajen kiwo suka fito ba. Sun fito ne daga dabbobin gida da ake bari suna fita ba tare da an hana su haihuwa ba, da kuma 'ya'yan waɗanda aka haifa a titin, kuma abin da ke riƙe su shi ne shara da ragowar abinci. Amma sana'ar tana zuba nata kason ta hanyoyin da ba a cika lura da su ba. Tana sayar wa mutane dabba cikin sha'awar lokaci ɗaya, ba tare da sun san nauyin shekara 12 ko 15 da suka ɗauka ba, sannan idan rashin lafiya ko cizo ko kuɗin magani ya bayyana a saki dabbar. An ga wannan a fili bayan kullen annobar korona ta 2020, lokacin da sayen 'yan kwikwiyo ya hauhawa a ƙasashe da dama. Tana sayar da dabbobin da ba a yi wa tiyata ba, tana kuma kwaɗaita wa mai saye ya zama mai kiwo shi ma, daidai irin tayin da aka yi miki. Kowane gida da ya sayi ɗan kyanwa kuma gida ne da zai iya ɗaukar wanda ya riga ya zo duniya ba shi da kowa.

Ki dubi lissafin mage ɗaya. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya kusan huɗu, kuma 'ya'yanta mata za su fara nasu kafin shekara ta zagayo. Za ki ci karo da alƙaluma masu ban tsoro da ke cewa mage ɗaya tana zama dubban ɗaruruwa cikin 'yan shekaru. Ba na amfani da su, domin suna lissafi ne kamar babu ɗan da ke mutuwa. Gaskiyar ta fi haka ɗaci: wani bincike a Amurka a 2004 ya bibiyi 'yan kyanwar da aka haifa a waje, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6. Yunwa, cuta, mota da cizon kare su ne ke rage yawan.

Lamarin bai tsaya ga dabbobi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka, da yawansu yara ne, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Hukumomi da dama sun gwada magance wannan ta hanyar kashe karnukan titi da guba ko harbi, kuma bai yi aiki ba. Kamar ɗiban ruwa ne daga rijiyar da idonta ke buɗe: muddin abincin yana nan, waɗanda suka rage za su haihu da yawa, wasu kuma su shigo daga makwabta, galibi marasa riga-kafi. Abin da ya nuna amfani shi ne a kama, a yi tiyata, a yi riga-kafi, a mayar da su inda suke, tare da kai riga-kafin ga aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki. Birnin Jaifur na Indiya ya fara irin wannan shiri a 1994, yawan karnukan ya ragu, mutuwar mutane da haukan kare ta faɗi ƙwarai a yankin da shirin ya shafa. A Amurka ma, inda a shekarun 1970 ake ƙiyasta kashe karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 10 kowace shekara a gidajen ajiye dabbobin da ba su da kowa, adadin ya sauko ƙasa da miliyan 1, kuma yaɗuwar tiyatar hana haihuwa tana cikin manyan dalilan.

Tiyatar kanta

Tsoronki yana kan hanya, domin tiyata ce ta gaske, ana sa dabbar barci, ana buɗe ciki, ana cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, kuma ba a mayar da su. Ba zan ce miki babu haɗari ba. Mage mai gajeren hanci tana buƙatar kulawa ta musamman wajen maganin barci da lokacin farfaɗowa, saboda hanyar numfashinta. Bayan tiyata jiki yana rage ƙona abinci, idan ba a rage mata ba za ta yi ƙiba. Sai dai a ɗora wannan a sikeli tare da abin da ke ɗaya ɓangaren. Magen da ba a yi wa tiyata ba tana shiga neman barbara kusan kowane mako biyu zuwa uku a lokacinsa, tana kuka, tana birgima, tana rage cin abinci, tana neman hanyar fita. Tana cikin haɗarin taruwar mugunya a mahaifa, cutar da ke kisa idan ba a yi tiyatar gaggawa ba, kuma wannan tiyatar ta fi ta yau haɗari nesa ba kusa ba, domin ana yin ta ne a kan dabbar da ta riga ta jigata. A karnuka bayanan kamfanonin inshora na Suwidin sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na karnuka mata da ba a yi wa tiyata ba suna kamuwa da ita kafin shekara 10. Sankarar nono a kyanwoyi mafi yawanta mai yaɗuwa ce, kuma bincike ya nuna cire mahaifa kafin shekara ɗaya yana rage haɗarinta da fiye da kashi 80 cikin 100. Magenki tana cikin wannan lokaci yanzu. Ga kuma haihuwar kanta, wadda a jinsi mai babban kai da lotsattsiyar fuska takan zo da tangarɗa fiye da sauran.

Za ki ji ana cewa a bar ta ta haihu sau ɗaya tukuna don lafiyarta. Babu hujjar likitanci a kan haka, jinkirin ma yana rage kariyar da na ambata. Za a kuma iya ba ki shawarar allura ko ƙwayar hana ɗaukar ciki a maimakon tiyata. Ina roƙonki ki guje su sai da umarnin likita na ɗan lokaci, domin yawan amfani da su yana jawo mugunyar mahaifar da kumburin nono da ciwon sukari, kuma na sha karɓar dabbobin da suka zo a wannan hali. Game da ko za ta ji ta rasa wani abu, abin da muke gani a zahiri shi ne neman barbara a dabba motsin sinadaran jiki ne da ke zuwa ya wuce, kuma idan aka cire tushensa magen takan natsu, ta ci gaba da wasanta da cin abincinta.

A karnuka batun lokacin tiyata yana da ɗan sarƙaƙiya. Binciken da aka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa a wasu manyan jinsuna yin ta tun kare yana ƙarami sosai yana ƙara matsalar gaɓoɓi, wasu karnuka mata kuma sukan samu yoyon fitsari daga baya. Saboda haka ga babban kare likita yakan ba da shawarar a jira ƙashi ya gama girma, a tsare shi sosai kafin lokacin. Wannan jayayya ce a kan yaushe, kuma ba ta shafi magenki ba.

Ƙanenki kuwa, ba zan ce kowane mai kiwon kare azzalumi ne ba, amma ki gaya masa abin da kiwo na gaskiya yake nema. Zai zaɓi jinsin da ke numfashi da gudu da haihuwa da kansa. Zai gwada uwa da uba a kan cututtukan gadon jinsin, ya haƙura da wanda ya faɗi gwajin komai kyansa da tsadarsa. Zai bar karyar ta gama girma, ya ba ta hutu, ya tsayar da ita bayan 'yan haihuwa kaɗan, ya ci gaba da riƙe ta har tsufanta. 'Ya'yan za su zauna da uwarsu aƙalla mako 8 a cikin mutane, da riga-kafi da maganin tsutsa, kuma mai saye zai zo ya gan su tare da ita. Zai tantance mai sayen, ya kuma yarda cewa duk karen da ya fito daga hannunsa zai karɓe shi idan aka gaza riƙe shi, ko bayan shekara nawa ne. Idan ya zauna ya lissafa wannan, zai ga ribar ba ta kai yadda aka kwatanta masa ba, kuma haihuwa ɗaya da ta zo da tiyata ko fabo tana iya cinye ta duka. In har lissafinsa ya nuna riba mai yawa, to akwai abin da ya cire daga cikin waɗannan, kuma karyar ce za ta biya. Ya kuma kiyayi sayen kwikwiyo mai ban tausayi don ya cece shi daga mugun wuri. Na san zuciya ce ke kai mutum ga haka, amma kuɗin yana tabbatar wa mai wurin cewa ya sake haɗa uwar. Ya fi kyau a kai rahoto ga hukumar da ke kula da lafiyar dabbobi ko ƙungiyar ceto.

Ban ga magenki da idona ba, don haka ba zan iya cewa toshewar hancinta ta kai wane mataki ba. Ki kai ta wurin likitan dabbobi a cikin kwanakin nan, ya saurari numfashinta da zuciyarta, ya duba idanun ko akwai rauni, ya duba ƙodar da na'urar hoto ko ya aika gwajin, ya kuma tabbatar riga-kafinta ya cika, har da na haukan kare. Ki tambaye shi yadda yake sa masu gajeren hanci barci da wanda zai tsaya a kanta har ta farfaɗo. Kafin ranar tiyata kada ki bar ta ta fita, ki lura da tagogi, domin a wata bakwai tana iya shiga neman barbara kowane lokaci, kuma za ki gane ta da yawan kuka da ɗaga ƙugu idan an shafa bayanta. Ki riƙa goge mata gefen ido kullum da auduga da ruwa mai tsabta, ki busar da wurin, ki taje gashinta kada ya cuɗe, ki kuma ajiye ta a wuri mai sanyi lokacin zafi. Idan kika ga tana numfashi baki buɗe, kada ki jira gari ya waye, ki kai ta asibiti nan take.